Madugu Mai Jifa da Gudu: Nazari a Kan Shekarun Lamar Jackson a Jami'ar Louisville

A wasan zari-rugar Amurka, kwatabak shi ne madugun hari. Hannunsa ƙwallo take fara shiga a kowane yunƙuri, kuma shi ke da zaɓin ya jefa ta, ko ya miƙa wa mai ruga, ko ya ruga da ita da kansa. Masu sharhin wasan sun daɗe da raba madugai gida biyu: mai tsayawa bayan shingen abokansa yana jifa, da mai haɗa jifa da gudu. Na farkon suke ɗauka cikakken madugu, na biyun kuwa sun sha yi masa kallon ɗan tsere da aka ba aron matsayin da ba nasa ba. Wannan hukunci ba shi da tushe, kuma shekaru uku da Lamar Jackson ya yi a Jami'ar Louisville ta jihar Kentucky, daga 2015 zuwa 2017, sun isa hujja.

Masu cika gidajen kallo a Jimeta da Yola, har zuwa Namtari, sun fi sabawa da gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila da ta Sifaniya, inda kulob ke renon yaro tun yana ƙarami. A zari-rugar Amurka jami'a ce ke wannan reno, domin gasar ƙwararru ta NFL ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya cika shekara uku da barin sakandare. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000, kuma kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i tun 1935, tana cikin manyan lambobin yabo na ƙasar. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu hari suna da yunƙuri huɗu su ci yadi 10, kuma wanda ya shigar da ƙwallo ƙarshen fili ya yi ci mai maki 6.

Gudun madugu tsohon abu ne a jami'o'i. Don Faurot ya shigo da dabarar zaɓi a Missouri a 1941, Bill Yeoman ya faɗaɗa ta a Houston, Emory Bellard ya fito da nasa salon a Texas a 1968, sannan Tommie Frazier ya ɗauki kofin ƙasa da ita sau biyu a Nebraska, 1994 da 1995. Sai dai waɗannan ƙungiyoyi ba su cika jifa ba. Sauyin ya zo ne a farkon shekarun 1990, lokacin da koci Rich Rodriguez, a ƙaramar kwalejin Glenville State, ya baza masu cafewa a faɗin fili, ya ja madugu baya, ya ɗora masa karatun ɗan gefe, wato lura da motsin mai tsaron da ke bakin shinge. A 2001 Woody Dantzler na Clemson ya zama na farko a babban rukuni da ya haɗa jifan yadi 2,000 da gudun yadi 1,000 a kaka ɗaya. Vince Young ya ci wa Texas kofin ƙasa a Janairun 2006 da jifan yadi 267 da gudun yadi 200 a kan USC. Tim Tebow ya ɗauki Heisman a 2007, Cam Newton a 2010.

Karatun ɗan gefe shi ne ƙashin bayan wannan salo, kuma asalinsa lissafi ne. Idan madugu ya miƙa ƙwallo ya koma ɗan kallo, masu hari sun zama 10. A cikinsu ɗaya yana rungume da ƙwallo, saura tara ke nan za su tare mutum 11. Duk yadda aka tsara, masu tsaro suna da rarar mutum biyu. Dabarar karatu tana rage wannan rara ne ta hanyar da ta yi kama da ganganci: 'yan shinge biyar su karkata gaba ɗaya zuwa ɓangare guda, su bar ɗan gefen ɗaya ɓangaren babu mai taɓa shi. Ɗan shingen da a da zai tare shi sai ya wuce ya tare mai tsaron tsakiya. Shi kuwa ɗan gefe an bar wa madugu shi, ya tsare shi da ido.

Ga yadda abin yake gudana. Madugu yana tsaye kamar yadi biyar bayan shinge, mai ruga yana gefensa. Da ƙwallo ta iso, mai ruga zai gifta ta gabansa, madugu ya cusa masa ita a ciki ba tare da ya saki ba. Hannaye huɗu ne a kanta a wannan ɗan lokaci da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma idon madugu ba ya kan ƙwallo, yana kan kafaɗun ɗan gefe. Idan kafaɗun suka juya ciki, wato ya bi mai ruga, madugu ya zare ƙwallo ya bi ta gurbin da aka bari. Idan suka tsaya sak suna fuskantarsa, ya saki, mai ruga ya bi bayan shingen da yanzu ya fi masu tsaro yawa. Ɗan gefe ya shiga halin gaba kura baya siyaki: duk wanda ya zaɓa, ɗayan ne ke da ƙwallo. Kuskure kaɗan a nan, ko riƙewa ta wuce kima ko sakin da bai cika ba, ƙwallo ta faɗi ƙasa. Saboda haka ne ake maimaita wannan haɗuwar hannu a atisaye har ta zama jiki.

Masu tsaro ba su naɗe hannu ba. Amsarsu ta farko musaya ce: a umarci ɗan gefe ya afka wa mai ruga da gangan, mai tsaron tsakiya kuma ya zagayo ya jira madugu a gurbin da yake zaton babu kowa. Ta biyu ita ce ɗan gefe ya ƙi nuna zaɓinsa, ya riƙa ja da kafaɗu a tsaye har madugu ya rasa abin karantawa. Masu hari su ma suka mayar da martani. Wani lokaci a tura mutum ya zagaya ya tare mai tsaron tsakiyar. Wani lokaci a juya dabarar, mai ruga ya nufi waje madugu ya kutsa ta tsakiya, salon da Cam Newton ya yi suna da shi a Auburn ƙarƙashin Gus Malzahn. Wani lokaci kuma a ƙara zaɓi na uku, madugu ya zare ƙwallo ya jefa ta wa mai cafewa a gurbin da mai tsaron tsakiya ya bari. Dokar jami'o'i tana taimaka wa wannan, domin ta yarda 'yan shinge su shiga gaba har yadi uku a lokacin jifa, alhali NFL yadi ɗaya ta yarda.

Amsa ta ƙarshe da ta rage wa masu tsaro ita ce su sauko da ɗaya daga cikin masu tsaron baya ya zama mai gadin madugu. A nan ne salon yake nuna cikar amfaninsa, domin da zarar an sauko da shi, bayan fili ya zama mutum da mutum, jifa mai nisa ya samu ƙofa. Ɗan damben da aka san yana kai hannu yana kuma kai ƙafa, abokin karawarsa ba ya iya tattara garkuwarsa a sama kaɗai, kuma sau da yawa tsoron ƙafar ne ke buɗe wa hannun hanya. Gudun madugu haka yake: ko a yunƙurin da bai motsa ba, ya riga ya janye mutum ɗaya daga inda za a jefa ƙwallo.

An haifi Lamar Jackson ranar 7 ga Janairu, 1997, a Pompano Beach ta jihar Florida, ya yi wasan sakandare a Boynton Beach. Ya zaɓi Louisville ne bisa alkawarin koci Bobby Petrino cewa madugu zai zama, ba wani abu daban ba. Petrino ya yi suna ne a tsarin jifa mai kama da na ƙwararru, kuma wannan batu ne da masu suka suka riƙa tsallakewa. Kakarsa ta farko ta koyo ce: jifan yadi 1,840 da gudun yadi 960. A wasan rufe kakar, ranar 30 ga Disamba, 2015, ya yi wa Texas A&M jifan yadi 227 da gudun yadi 226, Louisville ta ci 27 da 21.

Kakar 2016 ya buɗe ta da ci takwas a kan Charlotte tun kafin hutun rabin lokaci. A wasa na biyu, da Syracuse, ya tsallake kan wani mai tsaro sukutum ya shiga ƙarshen fili, hoton da ya zagaya duniya. Wannan hoto ya yi masa illa ta wata fuska, domin ya danne labarin jifan yadi 411 da ya yi a wannan wasa, ban da gudun yadi 199. Ranar 17 ga Satumba Louisville ta lallasa Florida State, wadda ke matsayi na biyu a ƙasar, da 63 da 20, Jackson yana da hannu a ci biyar. Makonni biyu bayan haka suka sha kashi da ƙyar a gidan Clemson, 42 da 36, Clemson ɗin da ta ɗauki kofin ƙasa a wannan kaka. Ya kammala da jifan yadi 3,543 da ci 30, gudun yadi 1,571 da ci 21, ya karɓi Heisman yana ɗan shekara 19, mafi ƙarancin shekaru a tarihin kyautar. Ya kamata a lura cewa a ƙididdigar jami'o'i, duk yadin da madugu ya rasa idan aka kayar da shi kafin ya yi jifa, daga gudunsa ake cirewa. Adadin da ya gudu a zahiri ya haura wanda aka rubuta.

Ƙarshen wannan kaka bai yi daɗi ba, kuma babu dalilin ɓoye shi. Houston ta kayar da shi sau 11 a bayan shinge ta ci 36 da 10. Kentucky ta ci 41 da 38 bayan ƙwallo ta kuɓuce masa dab da tashi. LSU ta ci 29 da 9. Masu suka sun ce an gano lagonsa. Abin da waɗannan wasanni suka nuna shi ne shingen da ya ɓalle ba ya barin kowane irin madugu ya yi aiki, kuma mai tsayawa wuri ɗaya da ya fi shan wahala. A 2017 ya dawo ya ƙara a kan na baya, jifan yadi 3,660 da gudun yadi 1,601, duk da ƙungiyar ta tsaya a nasara 8 da rashin nasara 5. Ya zo na uku a Heisman. Jimillar shekarun uku: jifan yadi 9,043 da ci 69, gudun yadi 4,132 da ci 50.

Duk da haka, a farkon 2018 Bill Polian, tsohon manajan Indianapolis Colts, ya fito a ESPN ya ba shi shawarar ya koma mai cafewa, bisa dalilin cewa jikinsa bai kai ba kuma jifansa bai cika daidai ba. Zancen daidaito yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma alƙaluman hawa suke yi: kashi 54.7 cikin 100 a 2015, kashi 56.2 a 2016, kashi 59.1 a 2017. Josh Allen na Wyoming ya bar jami'a a wannan shekara da kusan kashi 56, aka ɗauke shi na bakwai a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, kuma babu wanda ya ce ya sauya matsayi. Shawarar tana da tsohon tarihi a kan madugai baƙar fata. Marlin Briscoe ya jefa ci 14 a Denver a 1968, shekara mai zuwa ya tsinci kansa mai cafewa a Buffalo. Warren Moon ya ci wasan Rose Bowl da Jami'ar Washington a 1978, babu ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi, sai da ya tafi Kanada ya ɗauki kofi biyar a jere. Jackson ya ƙi yin tseren gwaji na yadi 40 a gaban masu zaɓe, domin kada a auna shi da ƙafa kawai. Baltimore Ravens ta ɗauke shi na 32, bayan madugai huɗu sun riga shi. A 2019 ya fi kowa jefa ci a NFL, guda 36, aka zaɓe shi gwarzon gasar babu ƙuri'a ɗaya da ta saɓa, ya sake samun kyautar a 2023. Polian ya janye maganarsa.

Amma ba nasarar NFL ce ta halatta shekarun Louisville ba. Ɗaukar wasan jami'a a matsayin jarrabawar shiga ƙwararru kawai shi ne tushen kuskuren. Karatun ɗan gefe, da juya shi, da haɗa shi da jifa, duk a filayen jami'o'i aka ƙirƙire su, NFL daga baya ta ara. Kyler Murray da aka ɗauka na farko a 2019, da Jayden Daniels da ya ci Heisman a 2023 aka ɗauke shi na biyu a 2024, sun shiga ta ƙofar da wannan salo ya buɗe. Louisville ta jingine lamba 8 ta Jackson a 2021.

Babban makamin madugu mai jifa da gudu ido ne, ƙafa tana biye. Masu gudu da sauri sun yi yawa a jami'o'in Amurka, amma kaɗan ne ke iya karanta kafaɗun mutum, su yanke hukunci, su aiwatar, sau da dama a wasa ɗaya ba tare da sun ruɗe ba. Saboda haka ma'aunin da ya dace da irin wannan madugu abu uku ne: sau nawa zaɓinsa ya yi daidai a lokacin haɗuwar hannu, mutum nawa ya tilasta wa masu tsaro su keɓe masa, da yadda ya yi amfani da gurbin da hakan ya buɗe a bayan fili. A kan dukkan ukun, shekarun Jackson a Louisville suna sahun gaba a tarihin wasan jami'o'i.