BABI NA UKU: TARKEN MATSAYIN ƘARAMIN FANNI A GEFEN BABBAN FANNI A JAMI'O'IN AMURKA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar babban fanni da ƙaramin fanni. A wannan babi kuwa za a ɗora tsarin a kan sikeli, domin a ga ko ƙaramin fanni yana ba ɗalibi ilimin da ake cewa yana bayarwa, ko kuwa ado ne kawai a takardar sakamako. An taƙaita nazarin a kan Amurka saboda a can ne tsarin ya yi saiwa, sai dai za a leƙa Jamus da Nijeriya inda kwatanci ya kama.

3.1 Asalin Tsarin

Har tsakiyar ƙarni na 19, ɗalibin kwaleji a Amurka ba shi da wani zaɓi na a zo a gani. Latinanci da Girkanci da lissafi da falsafa ake ɗura wa kowa. Charles William Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard daga 1869 zuwa 1909, shi ne ya yi fice wajen rushe wannan tsari, inda ya sakar wa ɗalibai mara su zaɓi darussan da suke so. Abin da ya biyo baya ba boyayye ba ne: ɗalibai da dama sun riƙa tsintar kwasa-kwasai masu sauƙi nan da can, su gama digiri ba tare da sun nutsa cikin ko fanni ɗaya ba. Magajinsa, Abbott Lawrence Lowell, ya kawo gyara bayan hawansa a 1909, inda aka wajabta wa ɗalibi ya zurfafa a fanni guda, sannan ya rarraba sauran darussansa a wasu fannoni. Kafin wannan ma, kalmomin babban fanni da ƙaramin fanni sun bayyana a littafin tsarin karatu na Jami'ar Johns Hopkins tun wajen 1877, inda babban yake cin shekara biyu, ƙaramin kuma shekara ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, ƙaramin fanni ɗan sulhu ne tsakanin masu son zurfi da masu son faɗi. Daga wannan sulhu ne ƙarfinsa da rauninsa suka samo asali.

3.2 Lissafin Kiredit da Abin da Yake Ɓoyewa

Digirin farko a yawancin jami'o'in Amurka yana buƙatar kiredit 120 ne cikin shekara huɗu. A fannonin adabi da zamantakewa babban fanni yakan ɗauki kiredit 30 zuwa 40, darussan gama-gari su ɗauki wani kaso mai kama da haka, saura kuma a bar wa ɗalibi. Daga wannan saura ne ake yanko ƙaramin fanni, wanda yakan kasance kiredit 15 zuwa 21, galibi 18, wato kwas shida masu kiredit uku-uku. Ke nan ƙaramin fanni ba ya ƙara wa digiri tsawo, shirya ragowar kiredit yake yi su fuskanci alƙibla ɗaya maimakon su warwatse. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan tsarin suke da ita, kuma mai wannan nazari ya yarda da ita. Ɗalibin da zai kashe kiredit 18 ko ta halin ƙaƙa, gara ya kashe su a gona ɗaya.

Sai dai idan aka mayar da kiredit ɗin zuwa sa'o'i, maganar takan sauya. Kiredit ɗaya yana nufin kimanin sa'a ɗaya a aji kowane mako, na tsawon mako 15. Saboda haka kiredit 18 sa'a 270 ke nan a gaban malami. A wasu fannoni wannan ya isa a yi abin kirki da shi. Ɗalibin ilimin halittu da ya ɗauki kwas shida na ƙididdiga zai iya sarrafa sakamakon gwajinsa da kansa, domin ƙididdiga makami ce da zai ɗauka ya shiga da ita fagen da ya riga ya sani. Amma a fagen harshe, wanda shi ne ya fi damun wannan bincike, sa'a 270 ɗanɗano ne, ba ci ba. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar sa'a 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci kuwa sa'a 2,200. Gaskiya ne cewa sassan harsuna da yawa ba sa lissafa kwasa-kwasan shekarar farko a cikin ƙaramin fanni, don haka ɗalibi yakan zauna a aji fiye da sa'a 270 ɗin. To amma ko an ninka adadin, mai ƙaramin fanni a Larabci bai cimma rubu'in abin da waccan cibiya ta ƙiyasta ba. Duk da haka, da mai ƙididdiga da mai Larabci suna ɗaya za a rubuta musu a takarda. A nan ne tsarin ya yi kuskuren auna hatsi da ruwa da mudu ɗaya.

Akwai kuma batun jeri. Babban fanni tsani ne: ana hawa daga kwas na share fage zuwa na tsakiya, zuwa na ƙoli, a wasu wurare a rufe da kundi. Ƙaramin fanni sau da yawa ba shi da wannan tsani. Wasu sassa sukan ce ɗalibi ya ɗauki kwas ɗaya ko biyu na dole, sauran ya zaɓa daga jerin da aka lissafa. Jami'o'i da dama sun gane wannan giɓi, shi ya sa suke shardanta cewa wani kaso na kiredit ɗin ya fito daga kwasa-kwasan manyan azuzuwa, suke kuma iyakance yawan kwas ɗin da za a lissafa wa babban fanni da ƙarami a lokaci guda. Waɗannan sharuɗɗa suna toshe ƙofar wayo, amma ba su gina tsani ba. Ɗalibi yana iya cika su duka ya fito da kwas shida da ba su san juna ba, wato cutar zamanin Eliot ta dawo cikin ƙaramar riga.

3.3 Ɗan Mowa da Ɗan Bora

Wani abu da littattafan tsarin karatu ba sa faɗa shi ne matsayin ɗalibin a sashen da ya je ci-rani. Idan gurbi ya yi kaɗan a aji, 'yan babban fanni ake fara yi wa rajista. Jadawalin lacca ma don su ake tsara shi. Mai wannan nazari ya ɗanɗana irin wannan a aji biyu, ko da yake a tsarin kwasa-kwasan zaɓi ne na nan gida: ya yi rajistar wani kwas a wani sashe na maƙwabta, sai aka mayar da laccar sa'ar da ake yin Ginin Jimlar Hausa, wanda kwas ne na dole. Da aka kai kuka sai aka ce ba za a taɓa jadawali saboda baƙi uku ba. Dole aka ajiye kwas ɗin. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, kuma duk ranar da biyun suka haɗu a baki, ƙaramar ake tofarwa.

A ɓangaren sassa kuwa, ƙaramin fanni abin rufin asiri ne. Inda ake raba kuɗi da guraben malamai bisa yawan ɗaliban da suka zauna a aji, ƙananan sassa irin na harsuna suna rayuwa ne da ɗaliban wasu. Harshen Hausa kansa ya amfana da wannan ƙofa. Bayan dokar ilimi ta tsaron ƙasa ta 1958, wadda ta ware kuɗi don koyar da harsunan waje, an koyar da Hausa a jami'o'i irin su Wisconsin, inda Neil Skinner ya yi aiki, da Indiana, inda Paul Newman ya yi, da Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, inda Russell Schuh ya yi. Masu zama a irin waɗannan azuzuwa galibi ɗaliban tarihi ne ko kimiyyar harshe ko nazarin al'umma, waɗanda Hausa ta zame musu abin rakiya. Wannan alheri ne ga harshen. Amma dole a faɗa cewa sashen da ransa ya dogara da yawan baƙi yana cikin jarrabawar sassauta sharuɗɗa don kada baƙin su gudu.

Jamus ta taɓa bin wata hanya da mai wannan nazari yake ganin ta fi ƙarko. A tsohon digirinsu na Magister, ɗalibi yakan ɗauki babban fanni ɗaya da ƙanana biyu, ko manya biyu, kuma a ƙarshen karatu ana yi masa jarrabawar kammalawa a ƙananan ma. Wato ana tambayarsa abin da ya sani a fannin gaba ɗaya. Wannan digiri ya ja da baya ne bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999. A tsarin Amurka kuwa, da an ci kwas na shida shi ke nan, kuma a jami'o'i da yawa sunan ƙaramin fannin ba ya hawa kan takardar shaidar digiri, sai dai a takardar cikakken sakamako.

Duk da wannan suka, tsarin sai ƙara yaɗuwa yake yi. Harvard ta buɗe irin nata a 2006, Princeton kuma a 2023. Wannan ya nuna cewa buƙatar da ta haife shi ta gaskiya ce.

3.4 Abin da ya Shafi Ɗalibin Hausa a Nijeriya

Ba za a iya ɗauko wannan tsari a dasa shi a nan yadda yake ba. Ɗalibin Amurka a jami'o'i da yawa yana da damar jinkirta zaɓen babban fanninsa har ƙarshen shekara ta biyu, alhali na Nijeriya tun wajen cike fom ɗin JAMB yake ɗaura aure da fanninsa. Abin da muka fi sabawa da shi shi ne haɗin fanni biyu masu nauyi kusan ɗaya, kamar Hausa da Nazarin Addinin Musulunci ko Hausa da Ingilishi a kwalejojin ilimi, wanda ya bambanta da ƙaramin fanni. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsayar da kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa jami'o'i kashi 30. Sai dai wannan kaso na jami'a ne, ba na ɗalibi ba, kuma babu abin da zai hana sashe ya cike shi da kwasa-kwasansa.

Amma ɗalibin Hausa, wanda tun daga gida ake tambayarsa abin da zai yi da Hausa, yana cikin masu tsananin buƙatar wannan ƙofa. Mai son aikin rediyo yana buƙatar aikin jarida, mai son ajami da rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 yana buƙatar Larabci, mai son fassara yana buƙatar shari'a ko kiwon lafiya. A ganin mai wannan nazari, idan za a yanka kiredit 18 daga cikin kashi 30 ɗin nan, ya kamata a jera su hawa-hawa daga aji biyu zuwa aji huɗu, sannan babi ɗaya na kundin ɗalibi ya haɗa fannonin biyu, malami daga kowane sashe ya duba shi. A fagen Larabci ko Faransanci kuwa a tanadi matakin ga wanda ya zo da tushe daga sakandare ko Islamiyya, tunda lissafin sa'o'in da aka kawo a 3.2 ya nuna ba za a fara daga baƙi a kai ko'ina ba. Duk wannan kuma ba zai yiwu ba sai tsangaya ta karɓi aikin tsara jadawalin lacca daga hannun sassa, ta keɓe wasu sa'o'i a mako waɗanda ba a sa kwas na dole a cikinsu.