Tambari Ba Shaida Ba Ne: Nazari Kan Sayen Tsohuwar Jitar Lantarki

Duk wanda ya san bakin ruwan Yelwa ya san yadda masunci ke sayen tsohon kwalekwale. Ba ya tsayawa kallon fenti ko sunan da aka rubuta a gefe. Yakan ƙwanƙwasa katako ya ji amonsa, ya bi mahaɗa da yatsa, sannan ya ce a tura shi ruwa a ga ko yana yoyo. Wannan ladabin ciniki shi ya fi dacewa da matashin makaɗi na Yauri, Ngaski ko Shanga mai neman tsohuwar jitar lantarki cikin kayan gwanjo da ke shigowa ta Legas da Kwatano. Tambarin da ke kan jita shi ne mafi raunin shaida, kuma akwai tambayoyi biyu da bai kamata mai saye ya cakuɗa ba: wa ya ƙera ta kuma yaushe, sannan tana da lafiyar yin aiki?

Tarihi ne ya mayar da tambari tarko. Leo Fender ya fito da jitar da aka sani yau da Telecaster a 1950, kamfanin Gibson ya biyo da Les Paul a 1952, Stratocaster ta Fender kuma ta zo a 1954. Da aka sayar da kamfanin Fender ga CBS a 1965, makaɗa da dama suka ce inganci ya ja baya, sai darajar tsofaffin ta fara hawa, a ɓangaren Gibson ma Les Paul ta 1959 ta kai ɗaruruwan dubban daloli. Inda suna ya yi tsada haka, dole jabu ya yi yawa. A jikin Fender da yawa, sunan wata siririyar takarda ce da ake mannawa a shafe da fenti, kuma buga irinta ba wuya.

Shaidar gaskiya tana wuraren da ido ba ya kaiwa. Wuyan Fender da sukuru ake ɗaure shi, kuma in an kwance, a yawancin shekaru akan tarar da kwanan wata a gindinsa, da fensir ko da hatimi. Galibi lambar kamfani tana kan farantin ƙarfe na bayan wuya har zuwa 1976, lokacin da aka mayar da ita kan jita, inda harafin S ke nuna shekarun 1970, E kuma shekarun 1980. A ƙarƙashin maɓallan sauti akwai ƙananan na'urori masu ɗauke da lambarsu: 1377420 na nufin kamfanin CTS, shekarar 1974, mako na 20. Jitar da aka ce ta 1962 ce amma tana ɗauke da wannan lamba, ko dai an canza mata kaya ko dai mai ita ya ƙara mata shekaru. Ɗinkin dalma ma yana magana, domin na asali yakan dushe, sabo kuwa yana ƙyalli. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke isa shi kaɗai. Sai bakinsu ya zo ɗaya ake yanke hukunci, kamar yadda alƙali ba ya dogara da shaida guda.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi ga mazaunin gaɓar tafkin Kainji. Katako yana kumbura da laimar damina, ya tsuke da bushewar hunturu, kuma jitar da ta shekara arba'in a ƙasar sanyi za ta sha wannan juyi kowace shekara. Don haka a hango wuyan daga kai zuwa gindi: ɗan lanƙwasa yana gyaruwa da sandar ƙarfen da ke cikinsa, in har tana juyawa, amma wuyan da ya murɗe ya zama asara. A shafa gefen ƙarafunan da ke gicciye a ji ko sun fito suna yanka, a duba ko tsirkiya ta cinye su. Sannan a jona ta da lasifika, a taɓa kowane maɗaukin sauti da ɗan ƙarfe, a murza maɓallai a saurari ƙarar tsatsa. Wannan shi ne tura kwalekwale ruwa.

Wani zai ce wannan ilimi ya wuce buƙatarmu, tunda da wuya Fender ta 1960 ta faɗo kasuwar Yelwa. Ai wannan ne ma dalilin koyonsa: inda ta ainihi ta yi ƙaranci, jabu ke cin kasuwa, kuma kuɗin da matashi ya tara daga noman albasa ko kamun kifi bai cancanci ya tafi a kan takardar manni ba. Wani kuma zai ce dillali ba zai yarda a kwance masa kaya ba. Haƙƙinsa ne, amma to sai a yi ciniki da farashin jita gama-gari, domin biyan kuɗin shekarun da ba a gani ba cinikin biri ne a sama.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa amon tsohuwar jitar Amurka daban yake. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Ibanez, Greco da Tokai na Japan sun ƙera kwaikwayo masu kyau a shekarun 1970 da sunayensu a fili, har kamfanin da ya mallaki Gibson ya kai ƙara a 1977. Yamaha da kowa ya sani a jikin injin jirgi, asalin sunan na kayan kiɗa ne tun 1887. Mdou Moctar na Nijar, wanda ya naɗi kundinsa Anar a Sakkwato a 2008, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Mai tara kayan tarihi yana da dalilin biyan kuɗin shekara. Makaɗin da zai tsaya gaban jama'a a biki kuwa, wuya miƙaƙƙe da amo tsarkakakke yake saye, kuma Tokai mai lafiya da ta faɗi sunanta na gaskiya ta fi masa Fender mai murɗaɗɗen wuya.