SmokePing, manhajar da ke riƙe tarihin intanet ɗin gida

Intanet ɗin gida ba kasafai yake mutuwa murus ba. Da zai mutu haka, da an huta, a kira kamfani a zo a gyara. Abin da ya fi yi shi ne ya ɗauke ya dawo. Ana tsakiyar kiran bidiyo murya ta tsinke, hoto ya daskare, kafin a miƙe a duba rauta komai ya koma daidai, kamar zazzaɓin da ke sauka da zarar an isa gaban likita. Maigida ya ce laifin kamfanin sadarwa ne, kamfani ya ce daga wajensu lafiya lau, yara su ce ai wayar Baba ce ta tsufa. Kowa da zatonsa, babu mai hujja, domin babu wanda yake aune a daidai lokacin da abin ya faru.

Wannan giɓin SmokePing ta zo cikewa, kuma a ganina har yau ba a yi wadda ta fi ta iya cike shi ba. Tobias Oetiker ne ya rubuta ta a farkon shekarun 2000, ɗan ƙasar Siwizalan da ya riga ya yi suna da manhajar MRTG tun 1995 da kuma RRDtool a 1999. Da harshen Perl aka gina ta, kyauta ce, kuma kowa na iya buɗe cikinta ya gani. Tubalinta kuwa tsoho ne: ping, ɗan umarnin da Mike Muuss ya rubuta a Amurka a 1983, wanda ke aika ƙaramin saƙo ga wata na'ura ya ƙirga milisakan nawa amsa ta ɗauka kafin ta dawo.

Basirar Oetiker tana cikin abin da ya yi da amsoshin. A tsarin da manhajar ta zo da shi, duk minti 5 takan aika saƙo 20 ga kowace na'urar da aka sa ta lura da ita. Sai ta jera lokutan daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, ta ɗauki na tsakiya ta ja layi da shi. Sauran amsoshin ba ta zubar da su, tana zana su da launin toka a sama da ƙasan layin, su yi kama da hayaƙi. Idan hanya lafiya take, layin siriri ne, hayaƙin ya lafe a jikinsa. Idan hanya na tangal-tangal, hayaƙin sai ya tashi ya bazu. Launin layin kansa yana faɗin saƙo nawa suka ɓata a hanya: kore in babu asara, yana rikiɗa zuwa shuɗi har ja yayin da asarar ke ƙaruwa. Jinkiri, rashin daidaito da asara, abu uku a zane ɗaya, kuma ko wanda bai san lissafi ba idonsa zai kama. Na daɗe ina jinjina wa wannan zane. Manhajoji da yawa sukan haɗa amsoshin su raba su ba ka adadi guda, a nan kuwa ciwon ke ɓuya, domin tsinkewar murya daga 'yan amsoshin da suka makara take fitowa.

A gida, amfaninta yana bayyana ne in an jera mata wurare hawa-hawa. Na farko rautar gida. Na biyu mashigar kamfanin da ke ba da intanet. Na uku wani wuri can nesa da ba ya cika faɗuwa, irin 1.1.1.1 na Cloudflare ko 8.8.8.8 na Google. Sai a karanta zanukan tare. In hayaƙi ya tashi tun daga rauta, matsalar a cikin gida take: bango mai kauri, waifai na maƙwabta da ke hawa tasha ɗaya da naka, ko waya da ta lalace. In rauta ƙalau take amma mashigar kamfani ta turnuƙe kowane dare bayan isha'i, cunkoso ne, kuma yanzu akwai abin nunawa. In biyun farko lafiya lau, na nesa kaɗai ke ja, to abin ya wuce unguwa. Irin haka aka gani ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya, Gana da maƙwabtansu. A irin wannan rana kashe rauta da kunnawa wahalar banza ce.

Haka za a iya sa ta lura da kyamarar tsaro, firinta ko talabijin. Kyamarar da ke ɓacewa a duk lokacin da aka sauya daga wutar NEPA zuwa janareta, zanen zai nuna ta da sa'arta. Tarihin kuma ba ya cika wuri, domin RRDtool, wadda SmokePing ke ajiye bayananta da ita, na dunƙule tsofaffin bayanai cikin fayil mai girma ɗaya da ba ya ƙaruwa, ana iya duba awa 3, awa 30, kwana 10, ko kusan shekara.

Tana da nakasu, kuma ba ƙanana ba. Babu maɓallan dannawa wajen saita ta, sai an rubuta fayil da hannu, ana jera wurare da alamar + da ++, kuskuren harafi ɗaya ya hana ta tashi. Tazarar minti 5 ta yi faɗi ga gida, tsinkewar daƙiƙa 40 na iya wucewa tsakanin awo biyu ba a gani ba. Ana iya rage tazarar, amma a yi tun ranar farko, don sauya ta daga baya na nufin sake gina ma'ajiyar bayanan. Wayoyin hannu kuma sukan yi barci su ƙi amsa ping, sai zane ya nuna sun faɗi alhali lafiyarsu ƙalau. Wanda buƙatarsa kawai a sanar da shi ta Telegram cewa kaza ya mutu, manhajar Uptime Kuma ta Louis Lam, wadda ta fito a 2021, ta fi sauƙi da kyan fuska nesa ba kusa ba. Amma idan tambayar ita ce me ya sa kira ke yankewa alhali komai a kunne yake, SmokePing nake komawa.

Akwai abu guda da mai kafa ta a ƙasarmu zai kula da shi, wato wuta. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ta isa ta ɗauke ta, amma a haɗa ta da rauta ta waya, kada ta waifai, in ba haka ba raunin waifai zai shafi kowane zane. A kuma ɗora su biyun a kan batir ɗaya. Samfuran da suka gabaci Pi 5 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya in wuta ta ɗauke, sai sun samu intanet suke gyara lokaci, don haka awon farko bayan dawowar wuta na iya sauka a sa'ar da ba tasa ba.