Sharhi a kan Sunayen Cututtukan Sauro da Kaska a Fassarar Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan yadda masu fassara ke raɗa wa cututtuka suna yayin da suke mayar da sakamakon binciken likitoci zuwa Hausa. An taƙaita nazarin a kan cututtuka biyu da ke ratsawa tsakanin dabba da mutum, wato zazzaɓin Kwarin Rift da zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Ra'ayinmu shi ne, sunan da aka zaɓa yana iya ɓoye ainihin abin da bincike ya gano.

2.0 Abin da Bincike ya Gano

An fara gano ƙwayar zazzaɓin Kwarin Rift a cikin tumaki a ƙasar Kenya, aka bayyana ta a shekarar 1931. Daga baya cutar ta ɓarke a Masar a 1977, da Muritaniya a 1987, sannan ta tsallaka Saudiyya da Yaman a 2000. A 2016 ta bayyana a jihar Tawa, a yankunan Cintabaradan da Tasara, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu makiyaya.

Masana sun nuna cewa ƙwan wani nau'in sauro yana iya daɗewa a busasshiyar ƙasa ɗauke da ƙwayar cutar, sai an yi ruwa mai yawa, fadamu sun cika, ya ƙyanƙyashe ya ciji dabbobi. Alamar farko a garke ita ce ɓari mai yawa da mutuwar ƴan tumaki. Shi kuwa mutum, galibi yana kamuwa ne ta hanyar taɓa jini ko kayan cikin dabba marar lafiya, wajen yanka ko fiɗa ko taimaka mata haihuwa. Shan ɗanyar madara ma abin tsoro ne. Cizon sauro na iya sa wa mutum cutar, amma ba shi ne babbar hanya ba.

Zazzaɓin Kirimiya da Kwango kuwa kaska ce ke yaɗa shi. An gan shi a Kirimiya a 1944, aka gano ƙwayarsa a Kwango a 1956, sai a 1969 aka tabbatar abu ɗaya ne. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alamar ciwo, amma a cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na iya mutuwa.

3.0 Matsalar Fassara

Da na ba ɗalibai aikin fassara wani ɗan bayani a kan cuta ta farko, sai na ga hanyoyi biyu aka bi, kuma dukansu ana jin irinsu a kafafen yaɗa labarai.

Hanya ta farko ita ce fassara kalma da kalma, wato "zazzaɓin Kwarin Rift". Ta fuskar nahawu babu kuskure. Sai dai a rubutun da ba a sa alamar tsawon wasali da karin sauti ba, mai karatu na iya ɗaukar "kwari" a matsayin kwarin zuba kibiya, idan kuma na'ura ta ci lanƙwasa har ya rikita shi da "ƙwari". Ko an karanta daidai, sunan bai gaya wa makiyayi komai ba face cewa ciwon na wata ƙasa ce mai nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a ƙa'idojin da ta fitar a 2015 kan raɗa wa sababbin cututtuka suna, ta kawo wannan suna a cikin misalan sunayen wurare da ya kamata a guje wa.

Hanya ta biyu ta fi haɗari. Wasu sun rubuta "wani nau'in zazzaɓin cizon sauro". A kunnen Bahaushe wannan suna ya riga ya zama na maleriya, wadda wasu ke kira masassara. Wanda ya ji haka zai ɗaura gidan sauro, ya sayi maganin maleriya, ya ɗauka ya tsira, sannan ya yanka tunkiyar da ta yi ɓari don kada ta mutu mushe. Maganin maleriya kuwa ba ya kashe bairas. A nan an fassara kalmomi daidai, amma saƙon ya faɗi.

Haka lamarin yake ga cuta ta biyu. "Kirimiya da Kwango" bai ambaci kaska ba, alhali cire kaska da hannu da murtsuke ta aikin yau da kullum ne a garke.

4.0 Shawara

Hausa ta saba raɗa wa ciwo suna daga alamarsa ko sanadinsa, kamar ciwon barci da amai da gudawa da shan inna. Bisa wannan tsari muna ganin "zazzaɓin ɓarin dabbobi" da "zazzaɓin kaska mai zubar da jini" sun fi dacewa. Za a iya cewa irin wannan suna zai ɓata kasuwar dabbobi, ko ya raba Hausa da sunan da likitoci suka sani. Wannan ƙorafi na da tushe. Saboda haka a ambaci sunan asali sau ɗaya a farkon bayani, kuma kada a tabbatar da sabon suna sai an gwada shi a gaban makiyaya da mahauta da likitocin dabbobi.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa ba a auna fassarar kimiyya da ƙamus kaɗai. Kafin ɗalibi ya miƙa aikinsa, ya tambayi kansa abin da mahauci zai yi gobe da safe idan ya ji wannan suna a rediyo. A darasi na gaba kowa ya zo da sunayen cututtukan dabbobi guda 5 daga bakin mutanen garinsu, tare da bayanin yadda aka gina kowane suna.