Gwanintar malamin da ke koyar da abin da ido ba ya gani

Cikin darussan kimiyya akwai guda biyu da ke tona asirin malami: yadda ake samar da wutar lantarki, da abin da ke haddasa girgizar ƙasa. Ɗaya na gudana a cikin waya, ɗayan kuma can ƙarƙashin ƙasa, ba wanda za ka nuna wa yaro da yatsa. Wani malamin zai cika allo da rubutu a kwafa, a haddace, a manta bayan jarrabawa. Gwani kuwa da kaya yake shigowa aji.

Kayan ma ba na a zo a gani ba ne: daynamon tsohon keke, ƙwan tocila, guntuwar waya. Sai ya sa ɗalibi ya juya kan daynamon kafin a haɗa ƙwan, ya ji sakayau. A haɗa, ya sake juyawa. Ƙwan ya ɗan kawo haske, hannun yaro kuma ya ji nauyi ya ƙaru. A nan malamin ke yin shiru, ya bar su da tambayar: nauyin nan daga ina? Shirun nan shi ya fi burge ni, domin da bakinsu yaran ke gano cewa ƙarfin hannu ne ya koma haske. Wani ma zai tuna yadda kukan janareta ke sauyawa idan an jona dutsen guga.

Sai bayan nan yake buɗe musu ciki: maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiyar naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Daga nan tafiya Kainji ba wuya. Madatsar da aka kammala a 1968 a kan kogin Neja aikin hannun yaron nan take yi, sai dai ruwa ke juya injinan. Haka Shiroro a kan kogin Kaduna.

Girgizar ƙasa kuwa bulo ɗaya ya ishe shi. Ya ɗaura wa bulon robar tsohon tub, ya ajiye shi a kan daɓen siminti mai kaushi, a riƙa ja a hankali. Roba na miƙewa, bulo ya ƙi motsi, can sai ya zabura gaba lokaci guda. Yara su yi shewa. Malam ya ce haka manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa suke: suna matsawa 'yan santimita kaɗan a shekara, bakinsu ya cije da juna, ƙarfi ya yi ta taruwa har ranar da dutse zai kasa riƙewa. Ya sa su yi hasashen lokacin zaburar ta gaba, kowa ya faɗi nasa, yawanci su kuskure. Ka ga sun fahimci dalilin da ya sa har yau masana ba sa iya faɗin ranar girgiza.

Kada a ce labarin Turkiyya ne kawai, inda girgizar Fabrairun 2023 ta hallaka mutum fiye da 50,000 a can da Siriya. Accra ta girgiza a 1939, mutanen Kwoi sun ji motsin ƙasa a 2016, na Mpape a Abuja kuma a 2018.

Shugabannin makarantu, idan Allah ya ba ku irin wannan malami, ku riƙe shi hannu bibbiyu, ku kuma saya masa ƙwan tocila da waya.