Wa Ya Taka Hanyar? Sharhi a Kan Tafiya a Cikin Shaihu Umar

Galibin masu nazarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sukan tsaya ne a kan jigon bauta ko na haƙuri da ƙaddara. Ni kuwa a wannan ɗan sharhi ina so in jawo hankalin 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu ga wani abin da ya ɗauki labarin tun daga farkonsa har ƙarshe, wato hanya da masu taka ta.

Littafin ya fito a 1934, bayan gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. An haifi marubucin a 1912, jirgin ƙasa kuwa ya iso Kano tun 1911, ya karya kasuwar ayarin hamada. Ke nan marubucin bai riski hanyar tana ganiyarta ba. Daga bakin manya ya tsince ta.

Hanyar kuwa ba ƙarama ba ce, domin daga teku take zuwa teku. Ta taso daga Tarabulus a bakin Bahar Rum, ta biyo Murzuk, ta ratsa hamada ta sauka Barno ko Kano, sa'an nan ta gangara Zazzau da Nufe har gaɓar tekun kudu. Bature Kilafatan ya taka ɓangarorin biyu: ya iso Kano ta Tarabulus a 1824, ya sake isowa ta Badagiri a 1826. Shi ma Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Kukawa a watan Mayu na 1855, bai ga Tarabulus ba sai ƙarshen Agusta. Wannan shi ne nisan da taurarin littafin suka ci.

Mu mutanen Ƙaraye da Rogo, labarin nan a bayan gidanmu ya wuce. Maƙarfi, inda Makau ya zauna bayan an kore shi daga Kagara, maƙwabciyar Rogo ce, Fatika ma ta ƙasar Zazzau ba wata uwa duniya ba ce. Saboda haka in muna karanta yadda ake sace yaro a kai shi Kano, ƙasar da kakanninmu suka noma muke karantawa.

Na lura da tafiya iri uku a cikin littafin. Ta farko ita ce ta Makau, tafiyar wanda hassadar fada ta raba da garinsu. Ta biyu ta Umar ce, wanda a yarintarsa bai taɓa zaɓar inda za shi ba: an sace shi, an tsince shi, an kama shi a hari, an miƙa shi ga Balarabe Abdulkarim, an kai shi Ber Kufa. Kamar kaya yake a kan raƙumi, hanya ce ke tafiya da shi. Ta uku kuwa ita ce ta mahaifiyarsa, kuma a ganina nan ran littafin yake. Ita kaɗai ce ta tashi da niyyar kanta, ba don riba ba, ba don an kore ta ba. Mace ɗaya, ba madugu ba jagaba, ta bi sawun ɗanta har Kano, aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada cikin bauta, ta ga ɗan nata, ba da jimawa ba ta rasu. Amma littafin sunan ɗan ya ɗauka, shi ne ya zama shaihi, shi ne almajirai suka kewaye a Rauta. Wadda ta biya kuɗin hanyar da ƙafarta da ranta, an bar ta a gefe.

A nan nake da ƙorafi biyu. Na farko ya shafi zubi. Umar ne ke ba da labari da bakinsa, alhali wahalar uwarsa ta faru ne a bayan idonsa. Don haka muna jin labarin tafiyarta ne daga nesa, ba mu shiga cikinta ba. Wata da watanni sukan wuce a 'yan shafuka. Mai karatu yakan so a daɗe da shi a zango, ya ga yadda ake rabon ruwan salka, ya ji faso da kaushin ƙafar baiwar da ke bin raƙumi a ƙasa. Inda marubucin ya tsaya ya zuba ido, kamar wurin guguwar yashin da ta binne ayari, alƙalaminsa ya nuna ƙarfinsa, wannan kuwa shi ya sa nake jin rowar da ya yi mana a sauran wurare. Wanda ke son jin hanyar daga bakin Bahaushen da ya bi ta da kansa, sai ya haɗa da labarin Dorugu, yaron da ya raka Barth har Ingila, wanda Schön ya buga a Magana Hausa a 1885.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Littafin ya raba mutane gida biyu, ubangida nagari da mugun ubangida. Abdulkarim ya riƙe Umar kamar ɗansa, ya sa shi karatu, sai mai karatu ya manta cewa fataucin da ya kawo shi Kano shi ne ya raba ɗan da uwarsa. Barth ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara da kimanin 5,000. A cikinsu nawa ne suka dawo da rawani? Sa'ar mutum ɗaya ba ta wanke hanyar da ta ci dubbai. Duk da haka ban ce marubucin ya goyi bayan bauta ba. Mutuwar uwar Umar kaɗai ta isa shaida a kansa. Abin da nake cewa shi ne, ya tuhumi miyagun mutane, ya ƙyale cinikin.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne. To, a 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya, yawancinsu kuwa ta Agadas suka bi. Mota ta maye gurbin raƙumi, amma har yanzu akwai uwar da ke jiran labarin ɗanta.

Shawarata ga 'yan ƙungiya, musamman na yammacin Kano, ita ce mu yi amfani da hutu mu zauna da tsofaffin garuruwanmu. Akwai waɗanda iyayensu suka yi fataucin goro a Gwanja, ko suka je Makka a ƙasa ta Sudan. Mu rubuta sunayen zangunan da irin guzurin da abin da mata suka gani a hanya. Ɓalewa ya rubuta abin da ya ji yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sa'an yawancinmu ke nan. Littafin da zai ba uwar Umar baki ta yi magana da kanta yana nan yana jiran mai rubuta shi.