Makarantar Rufisk a bakin Ramatoulaye: abin da ta tuna da abin da ta tsallake

Littafin Mariama Ba mai suna Une si longue lettre ya fito a Dakar a 1979, kuma a 1980 ya zama na farko da ya ci kyautar Noma. Galibin masu sharhi sun ɗauke shi littafin kishiya da takaba. Haka ɗin ne, amma ƙarƙashin wannan labari akwai wani wanda ya fi shafar malamai: mata biyu da suka yi aji ɗaya, guda tana tuna ma guda makarantar da ta yaye su. Ramatoulaye, cikin takabar mijinta Modou Fall, tana rubuta ma Aïssatou wadda ke aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka.

Littafin bai ambaci sunan shugabar makarantar ba, ya dai kira ta baturiya. Amma ba a ɓoye take ba. A 1938 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantar horon malamai mata a Rufisk, kusa da Dakar, ta danƙa ta ga Germaine Le Goff. Da jarrabawa ake shiga, daga dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, har da Nijar. Can Jeanne Martin Cissé ta Gine ta yi karatu, wadda a 1972 ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mariama Ba ta shiga a 1943, ta fito a 1947.

Tunawar Ramatoulaye ba ta da tsawo, shafuka kaɗan ne, kuma zaƙi ne zalla. Furanni a tsakar gida, gadaje a jere an gyara su tsaf, waƙar maraice, ƴan mata daga ƙasashe dabam-dabam da suka zama kamar ƴan ɗaki ɗaya, da baturiya mai ƙaunarsu ba tare da reni ba. Ba a jin yunwa, ba a jin kewar gida, ba wadda ta faɗi jarrabawa aka sallame ta. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ranar rabuwa ba ta cikin littafin sam. Ba a ga an ɗaure akwati ba, ba a ga wadda za ta koma Dahomai tana ban kwana da wadda za ta koma bakin kogin Kwara ba. Daga yabon shugabar makaranta, alƙalami ya yi tsalle ya dira kan zancen aure: Ramatoulaye ta ƙi likita Daouda Dieng da uwarta ke so, ta zaɓi Modou.

Ana iya cewa wannan rauni ne, kuma akwai hujja. Marubuciyar da kanta ta bar shaida ta dabam. Tana ɗaliba a Rufisk ta rubuta wani insha'i kan ƙuruciyarta, wanda Emmanuel Mounier ya samu sa'ad da ya zagaya Afirka ta Yamma a 1947, ya sa aka buga shi a Faransa. A cikinsa yarinyar tana begen gidan kakanninta, tana kukan cewa boko ya sauya mata tunani alhali jininta na nan yadda yake. Ashe wadda ke bakin ƙofar fita ta san abin da aka karɓe mata. Bayan shekara 32, Ramatoulaye ba ta tuna da wannan ciwo ba. Har ma Germaine Le Goff ta bar makarantar a 1945, wato shekaru biyu na ƙarshen karatun marubuciyar ba a hannunta aka yi su ba, amma a littafin ita ce makarantar gaba ɗaya.

Sai dai wajibi ne a duba wadda ke magana da halin da take ciki. Mace ce mai ƴaƴa 12, wadda mijinta ya juya mata baya bayan shekara 25 da aure, tana zaune kan tabarmar takaba, dangin miji sun cika mata gida. Mai irin wannan hali in ta waiwaya, wurin da aka taɓa ganin darajarta take nema. Duk wanda ya taɓa zama kusa da taron tsofaffin ɗalibai ya san ba a kawo maganar bulala sai don a yi dariya. Mariama Ba ta san haka, kuma ba ta bar zaƙin ya tafi shi kaɗai ba. Ɗacin ta ɗora shi kan wasu ƴan mata biyu.

Ta farko ita ce Binetou, ƙawar Daba ɗiyar Ramatoulaye. A gidan take zuwa bitar karatu, suna shirin jarrabawar bak, har Modou ya ƙyalla ido ya gan ta. Uwarta, wadda talauci ya gasa, ta matsa mata. Aka cire ta daga aji ana dab da jarrabawa, aka yanka mata jika 50 a wata a madadin takardar shaidar da ba za ta samu ba. Kwanakin ƙarshen makaranta da littafin ya hana mai karatu gani a Rufisk, a nan ya nuna su, kuma na wadda ba ta ƙare ba ne. Mutumin da ya yi wannan aiki ɗan makarantar Ponti ne, mai shugabancin ƙungiyar ƙwadago, ba jahili ba. Malamin da ya taɓa kiran suna da safe a Tawa ko Damagaram ya tarar da gurbin yarinya mai ƙoƙari babu kowa, aka ce masa an kai goro, ba ya bukatar a fassara masa wannan babi.

Ta biyu ita ce ƙaramar Aïssatou, ɗiyar Ramatoulaye, wadda ta yi ciki tana lise. Doka tana korar yarinya, tana barin saurayi, Ibrahima Sall, ya ci gaba da karatun shari'a a jami'a. Abin da ya cece ta lissafin watanni ne kawai, domin haihuwar za ta faɗo cikin hutu. A nan littafin ya ɗan yi sauƙin hali. Sa'a ce ta warware matsalar da marubuciyar ta ɗaure da kyau.

Raunin da ya fi wannan girma shi ne murya ɗaya ake ji. Ana cewa ƙawaye biyu suna tuna baya, amma Aïssatou ba ta amsa ba ko sau ɗaya. Ita ɗiyar maƙerin zinariya ce, wadda uwar mijinta mai jinin sarauta ba ta taɓa yafe ma asalinta ba. Da aka yi mata kishiya ta kwashe ƴaƴanta huɗu ta fita, ta koma karatu, ta zama tafinta. Makaranta ɗaya, shugaba ɗaya, darasi ɗaya, amma guda ta zauna guda ta tafi. Me ɗiyar maƙera ta gani a ɗakin kwanan nan da ɗiyar babban gida ba ta gani ba? Ramatoulaye tana ta cewa "mu", tana ɗauka tunaninsu ɗaya ne, kuma littafin bai ba kowa damar musa mata ba. Wannan giɓi masana tarihi ne suka shiga cikewa daga baya, kamar Pascale Barthélémy wadda ta yi hira da tsofaffin ɗaliban, littafinta ya fito a 2010.

Mariama Ba ta rasu a 1981. Wasiƙar Ramatoulaye ta ƙare ne a jajibirin zuwan Aïssatou Dakar, tana tunanin ko ƙawar tata za ta sauka da kwat irin ta Turawa, ko za ta yarda ta zauna ƙasa su ci abinci da hannu kamar da.